Garin Neman Gira

A wannan wata muna so mu yi magana a kan hoto da kyamara, amma za mu fara da wani abu da ke cikin gidanmu, don daga nan ne maganar ta samo asali.

A gidanmu na Nima akwai wani hoto guda da ya girme mu duka, mu jikokin gidan. Ƙarami ne, bai kai tafin hannu ba, baƙi da fari ne amma tsufa ya mai da shi ruwan ƙasa, gefensa kuma ya cinye. Mutum biyu ne a ciki, mace a zaune bisa benci, saurayi a tsaye a bayanta ya dafa kafaɗarta. Macen ita ce Kakarmu, wadda ta haifi mahaifinmu. Saurayin kuwa ƙanenta ne, wanda ba mu taɓa gani ba. Hannunsa na hagu ya motsa lokacin da ake ɗauka, saboda haka ya fito kamar hayaƙi. Duk wanda ya san hoto zai ce maka aikin nan bai yi ba. Amma shekara kusan 50 Kaka tana ajiye da shi a ƙasan kwallarta, a naɗe cikin ɗan ƙyalle, kuma da gobara za ta tashi, mun tabbata shi za ta fara ɗauka kafin zannuwanta.

An ɗauki hoton a ƙarshen watan Nuwamba na 1969. Dattawan Zango ba sa bukatar a tuna musu da wannan wata, domin a cikinsa ne gwamnatin Dokta Busia ta ba da umarnin duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Gana cikin mako 2. Mutane suka riƙa sayar da kayan ɗakinsu a wulaƙance, manyan motoci suna ta lodi zuwa Nijeriya da Nijar da Togo. Kaka ta tsaya saboda mijinta yana da takarda, ƙanenta kuwa dole ya tafi. Ana gobe zai hau mota ta ja hannunsa zuwa wurin wani mai hoto na bakin titi, irin masu akwatin katako a kan ƙafa uku, waɗanda suke wanke hoton a cikin akwatin nan take, su miƙa maka shi da sauran danshinsa. Ya fitar musu guda 2, kowa ya riƙe ɗaya. Wasiƙa ta zo daga Sakkwato sau biyu, daga nan shiru har yau. Abin da ya rage mana na wannan bawan Allah ke nan, fuska ɗaya da hannu mai kama da hayaƙi.

Mu da muka taso a shekarun 1980 da 1990 mun tarar da hoto yana da daraja, don yana da wuyar samu. Ranar Salla, bayan an sauko daga idi an ci abinci, sai mai hoto ya shigo unguwa da kyamararsa a wuya, yara suna bin sa. Haka ranar suna, haka ranar awure, haka ranar da mahajjaci ya dawo daga Makka. Fim ɗinsa hoto 24 ko 36 yake ɗauka, saboda haka ba ya dannawa sai ya tabbata kowa ya tsaya. Uwa za ta goge wa ɗanta fuska da bakin zani, a sa dogaye a baya, gajeru a gaba, a ce kada wanda ya ƙifta ido. Sai a jira mako guda, wani lokaci biyu, kafin ya kawo. Ranar da ya kawo kuwa ranar dariya ce, hoto ya bi hannu hannu daga ɗaki zuwa ɗaki, ana tsokanar wanda ya rufe ido, ana yaba wa wadda ɗaurin kallabinta ya zauna. A duk shekarun nan ba mu taɓa jin wani ya tambayi mai hoto sunan kyamararsa ba. Tambaya ɗaya ake yi masa: "Na fito?"

Waɗannan hotuna ne suka cika albam 3 a ƙarƙashin gadon mahaifiyarmu, har zuwa daren 3 ga watan Yuni 2015, daren da ruwa da wuta suka haɗu a Circle, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu. Mu Allah ya tsare mu da rai, amma gidanmu ba shi da nisa da babban gota, ruwa ya shigo ɗakuna har gwiwa. Da gari ya waye aka fito da albam ɗin, hotunan sun manne da juna, in ka ɓamɓare ɗaya sai fuskar mutum ta biyo yatsanka. Hoton auren iyayenmu ya tafi, na marigayi mahaifinmu da rawaninsa ya tafi, na sunayenmu duka sun tafi. Wanda ya tsira shi ne na 1969, don kwallar Kaka tana can saman kabad.

Wannan asarar ce ta sa muka ɗaura niyya, mu da ƙanenmu, cewa za mu sayi kyamara ta kirki mu sake ɗaukar kowa a gidan, mu fara da Kaka tunda ita ce babba. Muka shiga adashi da abokan aiki a makarantar da muke koyarwa. Da kwasa ta zo kanmu a 2016, muka haɗa da abin da ƙanen namu ya tara, muka sayo kyamara irin wadda ake cire mata gilashi a ɗaura wani. Ta gwanjo ce, amma duk da haka kuɗinta ya haura albashin malami na wata 2. Ranar da muka shigo da ita gida yara suka kewaye mu, Kaka ta leƙo daga ƙofar ɗakinta ta ce, "To angona, ga amaryarka nan, sai ka ɗauka." Muka ce, "Kaka, bari mu koyi abin tukuna, kada mu ɓata miki fuska."

Daga wannan "tukuna" ne ciwon ya kama mu. Muka shiga intanet don mu koyi yadda ake riƙe kyamara, sai muka tarar da wata duniya ta mutanen da ba su da aiki sai gwada kyamarori. Wani zai ɗauki hoton bangon bulo da gilashi 5 daban-daban, ya faɗaɗa kusurwar kowane hoto har ɗigoginsa su fito, ya yi rabin awa yana bayanin wanne ya fi kaifi. Na farko da muka kalla dariya muka yi, kafin wata guda mun zama irinsu. Muka manna shafin jaridar Daily Graphic a bangon ɗaki, muna ɗaukarsa daga taku 3, daga taku 5, da filasha, ba filasha, sa'an nan mu zauna gaban kwamfuta har tsakar dare muna duba ko ƙananan haruffan gefe sun karantu. Muka ɗauki bangon maƙwabci, muka ɗauki murfin kwalba, muka ɗauki kyanwar gidan har ta gane mu tana gudu. Da muka ƙirga daga baya, a shekarar farko mun danna kyamarar nan sau dubbai, amma hotunan da ke da fuskar ɗan Adam a ciki ba su cika 40 ba, su ma yawancinsu gwaji ne.

Ba mu kaɗai ba ne. A bes ɗin da muke shan ataya da daddare a Maamobi akwai wasu samari 2 masu ɗaukar hoton biki, da wani mai sayar da wayoyi a Tip Toe Lane. In aka fara gardamar Canon da Nikon sai ka rantse Hearts da Kotoko ne za su buga gobe. Wannan ya ce tasa ta fi gani a duhu, wancan ya ce launin tasa ya fi, mai wayoyi ya ce duk ku yi shiru, ga sabuwar waya ta fito da ta fi ku megapiksel. Ataya ya yi zagaye uku ana abu ɗaya. Abin da ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, ba a taɓa samun daren da wani ya fito da hoto ya ce, ku zo ku ga yadda tsohon nan mai yankan farce ya yi dariya ba. Kayan aiki muke nuna wa juna, kamar maƙeran da suka taru suna auna guduma, garma kuwa babu wanda ya ƙera.

A nan bes ɗin ne aka gamsar da mu cewa gilashin da ya zo da kyamararmu na 'yan koyo ne. Wai akwai wani wanda yake sa fuskar mutum ta fito tas, bayansa kuma ya narke kamar man shanu, shi ne na ɗaukar manya. Muka ce to, Kaka ba za a ɗauke ta da na 'yan koyo ba. Muka aika wa wani ɗan uwa a Jamus ya nemo mana, ya ce sai in zai zo gida. Kaka kuwa ba ta daina tambaya ba. Ranar ƙaramar Salla ta 2017 ta sa farin leshinta, ta yafa mayafin da ta zo da shi daga Makka, ta sa aka fito mata da kujera tsakar gida, ta aiki yaro ya kira mu. Muka fito muka dubi sama, rana tana tsaka, muka ce hasken nan ya yi ƙarfi, farin leshi zai ƙone hoton, a bari sai da yamma. Da yamma baƙi suka cika gida, ta gaji ta shiga ɗaki. Da muka je yi mata sai da safe ta ce, "Angona, mai akwatin katako bai ce mini rana ta yi yawa ba." Muka yi dariya, ita ma ta yi.

Allah ya yi mata rasuwa a farkon 2018, cikin hunturu, bayan jinyar kwana 4. Gilashin ya iso bayan an yi addu'ar arba'in. Yana da kyau ƙwarai, duk abin da aka faɗa a kansa gaskiya ne.

Tun kafin addu'ar bakwai 'yan uwa suka fara bugo waya daga Kumasi da Tamale da Amurka, kowa maganarsa ɗaya: ku da kuke da babbar kyamara, ku turo mana hoton Kaka. Muka zauna gaban kwamfuta muna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ga Daily Graphic, ga bango, ga kyanwa. A wani hoton gwaji mun ga gefen zaninta da ƙafarta ɗaya, tana wucewa ta bayan bokitin da muke ɗauka. Kunyar da muka ji a wannan dare, Allah kada ya nuna wa mai karatu irinta. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido, mu kam mun ga ma'anar maganar a kan allon kwamfuta.

Wadda ta fitar da mu ita ce 'yar ƙanwarmu, yarinya 'yar aji 5 a firamare. Ta zo da tsohuwar wayar uwarta mai fasasshen gilashi ta ce, "Kawu, ni ina da Kaka." Ashe wata safiya Kaka tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsintar waken da za a dafa waakye, yarinyar ta faɗa mata wani abin dariya, ta ɗauke ta tana cikin dariyar. Hoton ya karkace, rabin tiren ya fita, igiyar shanya ta ratsa ta saman kanta, in ka faɗaɗa shi kaɗan sai ya dagule. Amma Kaka ce. Ga giɓinta, ga yadda take kanne ido ɗaya in abu ya ba ta dariya, ga zoben azurfa a yatsanta. Shi muka tura wa kowa, kuma babu wanda ya bugo ya ce bai yi kaifi ba. Gwaggonmu ta Kumasi ta ce da ta buɗe shi sai da ta gaishe ta. Mun wanke shi, yanzu yana cikin kwalla tare da na 1969.

Bayan wannan ne muka zauna muka yi lissafin da ya kamata malamin makaranta ya yi tun farko. Hoton da ake wankewa a sa a albam, faɗinsa inci 4 ne, tsawonsa inci 6. Ƙa'idar masu wanki ita ce, in aka sami ɗigo 300 a kowane inci, ido ba ya neman ƙari. To 4 sau 300 ya ba da 1,200, 6 sau 300 ya ba da 1,800, in ka ninka su sai ka sami ɗigo 2,160,000, wato megapiksel 2 da 'yan kai. Ke nan kusan kowace wayar zamani da ke kasuwa ta wuce abin da albam ke bukata. Wayoyi masu megapiksel 50 da 108 har da 200 da ake talla yanzu, yawancin hotunansu a WhatsApp suke ƙarewa, shi kuma matse hoto yake yi ya rage masa nauyi kafin ya isar. Sai ka ga mutum ya ci bashi don ɗigogin da ba wanda zai taɓa gani. Kamfanoni kuwa ba za su daina fito da sabuwa kowace shekara ba, don abincinsu ke nan. Wanda ya ce sai ya riƙe ta ƙarshe zai fara ɗauka, to har ya mutu yana jira.

Sa'an nan muka waiwayi magabata a wannan sana'a, waɗanda da ma suna nan kusa da mu ba mu kula ba. A Jamestown, nan cikin Ankara, J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe shagon hoto na Deo Gratias tun 1922. A can ne kuma James Barnor, wanda aka haifa a 1929, ya buɗe nasa shagon mai suna Ever Young a farkon shekarun 1950. Da wata 'yar ƙaramar kyamarar Kodak da aka ba shi kyauta ya fara. Ya yi wa Daily Graphic aiki tun kafuwarta a 1950, ya ɗauki Kwame Nkrumah tun kafin a sami 'yancin kai, ya tafi Ingila a 1959, ya dawo bayan kimanin shekara 10 ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a ƙasar nan. Da aka baje hotunansa a zauren Serpentine na Landan a 2021, yana da shekara fiye da 90, abin da aka je kallo shi ne fuskokin mutanen wancan zamani da suturarsu da tsayuwarsu. Haka Felicia Abban, mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a Gana, wadda ta rasu a 2024. Takan ɗauki kanta in ta yi ado za ta fita taro, kuma waɗannan hotuna ne aka kai baje kolin Venice a 2019 da sunan Gana.

Wanda labarinsa ya fi taɓa mu shi ne Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali. Kawunsa ne ya kawo masa tsarabar kyamarar Kodak Brownie daga Senegal a 1935, ya buɗe wurinsa a 1948. A tsakar gida yake ɗauka, da hasken rana, kuma labulen da ya fara ratayawa a bayan mutane shimfiɗar gadonsa ce. Saboda tsadar kayan aiki, yawanci sau ɗaya yake dannawa ga kowane mutum. Ya tanadi rediyo da agogo da alƙalami da babur don wanda yake so ya riƙe ko ya jingina. Lokacinsa yana tafiya ne wajen gyara wa mace zaman zaninta, da juya wa namiji kafaɗa, da jiran mutum ya saki jiki. Ya rasu a 2001, hotunansa kuwa sun shiga manyan gidajen tarihi na duniya. In ka dube su sai ka ce mutanen Zangonmu ne, babbar rigar iri ɗaya, ɗaurin kallabin iri ɗaya. Da shi ne a tsakar gidanmu ranar Sallar 2017, da ya ce a matsar da kujerar zuwa inuwar bango, ya danna sau ɗaya, ya wuce.

Kada a ɗauka muna cewa sanin kayan aiki banza ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wanda zai ba da kuɗinsa yana da haƙƙin ya duba abin da zai saya. Samarin da ke cin abinci da hoton biki dole su nemi kyamarar da ke gani a ƙarƙashin rumfa da daddare, don amarya ba ta karɓar uzuri. Mu baƙaƙen fata ma muna da dalili na musamman. Shekaru da yawa masu wanke hoto mai launi suna daidaita injinansu da hoton wata Baturiya, katin da ake kira Shirley, wannan yana cikin dalilan da suka sa a tsofaffin hotuna za ka ga riga ta fito fes, fuskar mai rigar kuwa ta yi duhu. Kamfanin da ke yin Tecno da Itel da Infinix, ɗaya daga cikin abubuwan da suka ba shi kasuwa a Afirka shi ne ya gyara kyamarorinsa su dace da fatarmu. Wannan ilimi ne mai amfani. Amma gwajin da ya kamaci mai sabuwar kyamara bai wuce na yini ɗaya ko biyu ba. Tana aiki? Batirinta yana riƙe wuta? Fuska tana fita? Shi ke nan, sai a fita waje, sauran karatun a gaban mutane ake yinsa.

Sauran karatun ma ba shi da yawa, mun koya wa 'yan aji 6 shi cikin darasi 2. Kada ka tsayar da mutum a tsakiyar rana, kai shi inuwa, ko bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe. Safiya da bayan la'asar sun fi tsakar rana. Goge gilashin waya da gefen riga kafin ka ɗauka, don sau da yawa maiƙon hannu ne ke sa hoto ya fito dishi-dishi. Matsa kusa. In yaro za ka ɗauka, durƙusa. In dattijo ne, gaishe shi tukuna, ka nemi izini, ka zauna ku yi hira har ya manta da abin da ke hannunka. In ya ce ba ya so, ko don bin malaminsa ko don wani dalili nasa, mai da wayarka aljihu ka ci gaba da hirar. Matan mutane kuma ba a ɗaukarsu a watsa ba da yardarsu ba.

Gilashin Jamus mun sayar da shi, kuɗin muka wanke hotuna da su. Kyamarar tana nan da gilashinta na 'yan koyo. Ranar Laraba, in an tashi makaranta, mukan ratsa kasuwar Nima da ita, wurin masu albasa da masu hatsi da masu kayan yaji. Yanzu har sun san mu, wata Hajiya mai dawa takan ce, "Malam, yau ba a ɗauka ne?" Mun ɗauki dawakin da ke zagaya unguwa ranar Salla, mun ɗauki teloli a Maamobi daren jajibere, mun ɗauki yara suna wanke allo, mun ɗauki babban masallacin ƙasa na Kanda tun kafin a buɗe shi a 2021. Da yawa a cikin hotunan sun karkace, wasu sun yi duhu. Daɗin da muke ji kuwa irin na ranar da mai hoto yake kawo hotunan Salla ne, musamman in muka koma muka miƙa wa mutum nasa a hannu, ya riƙe shi nesa da ido, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

Roƙonmu ga masu karatu, musamman matasa, shi ne wannan. Waɗanda suka ga Nima tun tana 'yan gidaje, waɗanda suka ga 1969 da idonsu, saura kaɗan, kuma kowace shekara ana raguwa. A gidajen Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina akwai tsofaffi a zaune a ƙofar ɗaki, a aljihun jikokinsu kuma akwai kyamarar da Seydou Keïta bai taɓa riƙe irinta ba. Ku ɗauke su a wannan makon, da abin da ke hannunku. Ku zaɓi 2 ko 3 ku kai a wanke a takarda, don waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a trotro. Ku rubuta a baya sunan mutum, da sunan ubansa, da garin da suka fito, da shekara. Hoton 1969 ba a rubuta komai a bayansa ba, da ba don Kaka ta sha ba mu labarin ba, da yau babu wanda zai san ko wane ne saurayin. Sa'an nan ku ajiye a sama, inda ruwa ba ya kai.

Yarinyar nan 'yar ƙanwarmu ta girma, yanzu kyamarar ta fi zama a hannunta fiye da namu, kuma har yau ba ta tambaye mu megapiksel nawa ce ba. Makon jiya ta fito wa mahaifiyarmu da kujera ƙofar ɗakin Kaka, ta kira mu mu tsaya a bayanta. Muka buɗe baki za mu ce a bari rana ta ɗan yi sanyi, sai muka tuna, muka je muka tsaya.

Allah ya jiƙan Kaka da dukan magabatanmu. Ƙanenta kuma, in yana raye Allah ya rufa masa asiri, in ya riga mu Allah ya haɗa su a Aljanna. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Wassalam.